Ina jin nauyin tallata littafina, shin yabon kai ne?

Tambaya: Anti, na rubuta littattafan labari guda uku. Biyu na sake su kyauta, na ukun na kuɗi ne. Duk lokacin da zan ɗora tallarsa a WhatsApp ko Facebook sai nauyi ya rufe ni, in ji kamar roƙo nake yi ko yabon kaina, ga shi dangin mijina duk suna gani. Sau da yawa sai in rubuta in goge. Wasu da na san ban gaza su a alƙalami ba sun fi ni kasuwa, don su ba sa jin wannan nauyin. In cije in yi yadda suke yi, ko in ƙyale littafin ya sayar da kansa?

Amsa: Ƙanwata, cikin hanyoyi biyun da kika kawo babu wadda zan ce ki bi. Nauyin nan da kike ji tarbiyya ce, kuma ina so ki riƙe ta. Matsalar ita ce ya sauka a kan abubuwa biyu da ba ɗaya suke ba: yabon littafi, da sanar da jama'a cewa littafin ya fito. Yabon ba aikinki ba ne. Sanarwar kuwa taki ce, in ba ki yi ba babu mai yi miki.

Bahaushe ya daɗe da yanke hukuncin cewa yabon kai jahilci ne, kuma ya tsara zamansa a kan haka. Sarki ba ya buɗe baki ya lissafa nasabarsa da jaruntar kakanninsa, akwai maroƙa da makaɗan fada da sanƙira da aka ajiye domin wannan. Amarya ba ta faɗin kyanta, ƙawaye da masu guɗa ne ke yi. Malami in aka yaba karatunsa sai ya ce albarkacin malamansa ne. Inda aka yarda mutum ya wasa kansa da bakinsa shi ne kirari, irin na mafarauta da 'yan dambe da 'yan tauri, shi ma da sharaɗi: mai kirarin a fili yake tsaye, nan take za a gwada shi a gaban jama'a, in ƙarya ya yi kowa zai gani. Marubucin da ya rubuta a ƙarƙashin bangon littafinsa cewa ba a taɓa yin irinsa ba a ƙasar Hausa, kirari ya yi ba tare da ya shiga fili ba, kuma da kunnen Hausawa masu karatu ke sauraronsa. Wasu za su saya, amma ƙimarsa ta ragu a idonsu ko ba su furta ba. Wannan ne zuciyarki take ƙi, kuma tana da gaskiya.

Ina jin akwai tsoron riya a ƙarƙashin tambayarki, ko da ba ki ambata ba. Alƙur'ani ya hana mu tsarkake kanmu. A cikinsa ne kuma Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya bayyana cewa shi mai tsarewa ne kuma masani. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan cewa mutum na iya faɗin abin da ya iya in da buƙata, matuƙar gaskiya ce. Ta fuskar ciniki kuma, hadisi ya yi gargaɗin cewa rantsuwa tana sa haja ta shige amma tana shafe albarka, an kuma hana ɓoye aibin kaya. Ba a hana mai kaya ya ce ga kayana ba, abin da aka hana shi ne ƙarya da kambamawa. Ki duba ma yadda marubuta waƙoƙinmu na da suke rufe waƙa. A baitocin ƙarshe mai waƙar yakan faɗi sunansa, wani har da garinsu da shekarar da ya yi ta, sannan ya nemi gafara da addu'ar masu karatu. Bai ɓoye cewa shi ya yi ba, bai kuma ce ta fi ta kowa ba. Wannan ladabin ya ishe ki abin koyi.

Batun a ƙyale littafi ya sayar da kansa kuwa, sai na ɗan ja ki baya, domin yawancin masu faɗin haka suna tuna wani zamani ne da ya shuɗe. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Hukuma ce ta nemi rubutun, ita ta buga, ita ta kai shi makarantu. Daga baya Kamfanin Gaskiya da hukumar adabi ta Arewa, NORLA, sannan kamfanin ɗab'i na Arewa, NNPC, da aka kafa a 1966, suka ci gaba da ɗaukar wannan nauyin. Marubucin wancan lokaci bai yi talla ba saboda akwai ma'aikata da motoci da manhajar makaranta suna yi masa. Ko a lokacin ma littafin bai sayar da kansa ba, wasu ne suka sayar da shi.

Wannan gata ya yanke a shekarun 1980. Tattalin arziki ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya shigo a 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta da suke da tabbacin kasuwa. A daidai lokacin ne kuma yaran da suka shiga firamare ta shirin UPE na ilimin firamare ga kowa na 1976 suka tasa, sun iya karatun boko da Hausa, suna neman abin karantawa. Sai matasa a Kano da Kaduna da sauran garuruwa suka fara buga littattafansu da kuɗinsu. Marubuci shi zai tara kuɗi, ya kai wa mai buga rubutu, ya tsaya a maɗaba'a, ya ɗauko ƙunshin littattafai ya kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari da Kurmi, galibi bashi, ya riƙa zarya yana karɓar abin da aka sayar. Da yawa da zaryar ta gajiyar da su sai suka riƙa sayar wa dillalai rubutun gaba ɗaya a kan kuɗi kaɗan, littafin ya yi ta ciniki su ba su da ko sisi a ciki. Mata sun fi faɗawa wannan, domin su ba sa iya yawon kasuwa, sai ta hannun ƙane ko miji ko ɗan aike. Ki lura da wannan da kyau: marubuciyar da ta ji nauyin tsayawa a kan kayanta, wani ne ya ci ribar nauyin nata.

Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu kuma sun yi dabarun da har yau suna da amfani. Ƙungiyar Raina Kama ta Kano, wadda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suke cikin jagororinta, ta riƙa sa tambarinta da jerin littattafan 'yan ƙungiya a cikin littattafan membobi. Wanda ya sayi littafin mutum ɗaya ya ga sunayen na sauran. Kowa ya tallata ɗan'uwansa, babu wanda ya yabi kansa. An riƙa sa adireshin marubuci, masu karatu suna aiko da wasiƙu. An raba labari kashi na ɗaya da na biyu da na uku, a yanke shi a inda mai karatu zai koma kasuwa neman ci gaba. Gidajen rediyo suka shiga karanta littattafai a iska, matan aure da ba sa fita suka san sunayen marubuta daga cikin ɗakunansu. Masana sun yi ta muhawara a jaridu a shekarun 1990 kan wannan adabi, wasu suna ganin kasuwanci ya rinjayi fasaha a cikinsa, har sunan Adabin Kasuwar Kano ya bi shi. Wani ɓangare na kunyar da marubutan Hausa ke ji game da kuɗi daga nan ya samo asali, ana jin kamar wanda ya nemi a saya ya sauka daga matsayin marubuci. Ni ban yarda da haka ba. Da waɗancan matasa ba su ɗauki littattafansu a ka sun shiga kasuwa ba, da ƙagaggen labari na Hausa ya daɗe da komawa ɗakin jarrabawa kawai.

Tunda ke mace ce, bari in ƙara miki da wadda ta riga su duka. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba ta rubuta waƙoƙinta ta ajiye a gafaka tana jiran a zo nema ba. Ta tsara jajis, mata dattijai masu jagorantar 'yan taru, suna zuwa wurinta su koya, su koma ƙauyuka su koyar. Ba ciniki take yi ba, ilimi take yaɗawa, ban kuma haɗa matsayinta da namu ba. Abin da nake so ki ɗauka shi ne ta ɗauki isar da rubutu ga waɗanda aka yi dominsu a matsayin wani ɓangare na aikin, ta kuma zauna ta tsara yadda za a yi.

To yanzu a aikace. Sanarwa mai tsabta ba ta buƙatar ko siffa ɗaya ta yabo. Ki faɗi sunan littafin. Ki faɗi a jimla biyu ko uku wace ce a cikinsa, me take so, me ya tare mata hanya. A nan yawancin marubutanmu ke faɗuwa, sai su cika sanarwar da cewa akwai soyayya da cin amana da makirci da darasin rayuwa, alhali kowane littafi haka ake cewa a kansa. Mai karatu ba ta ji komai ba. Amma in kika ce labarin bazawara ce mai 'ya'ya biyu da ta koma gidan mahaifinta ta tarar ƙanenta ya sayar da ɗakin mahaifiyarsu, kin ba ta dalilin tsayawa. Daga nan ki faɗi ko an kammala shi ko ana kan rubutawa, tsawonsa, kuɗinsa, da yadda za a biya. Kada ki manta da masu karatunki na Maraɗi da Damagaram da Yamai, ki tanadi hanyar da za su biya da sefa, don sau da yawa niyyar saye suke da ita hanyar ce babu. Ki karanta sanarwar da kika rubuta ki tambayi kanki ko akwai abin da za ki ji kunya in surukarki ta karanta. In bayani ne zalla, ba za ki samu ba.

Sannan ki bar rubutun ya yi magana a madadinki. Mai kilishi ba ya dogon bayani, ɗanɗano yake yanko miki, harshenki ya yanke hukunci. Shafukan kyauta da ake saki kafin a shiga na kuɗi su ne ɗanɗanonki, saboda haka su za ki fi ba wa lokaci wajen gyara. Ki tace rubutun, ki raba kalmomi daidai, ki sa ƙugiya a inda take, ki bai wa wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa ya duba miki. Babin farko mai kyau ya fi sanarwa ashirin aiki. Na ga marubuta suna kashe kuɗi a kan hoton bango da bidiyon talla, amma shafin farko cike da kurakurai, labarin kuma bai tashi ba sai a babi na biyar.

Yabo kuwa, ki buɗe masa ƙofa ya shigo ta bakin wasu. In mai karatu ta aiko miki da saƙon abin da littafin ya yi mata, ki nemi izininta ki ɗora, ki ɓoye lambarta. Kada ki taɓa ƙirƙirar irin wannan saƙo, kada kuma ki sa ƙawaye su rubuto kamar baƙi, domin ranar da aka gane, har na gaskiyar ba za a ƙara yarda da su ba. Ki yi musayar talla da 'yan'uwanki marubuta, amma littafin da kika karanta kika yarda da shi kaɗai za ki ce a saya. Al'adar nan ta yaba min in yaba miki, inda kowa haziƙa ce kowa fasihiya, ta sa kalmomin sun zama fanko, masu karatu sun daina jin su. Ki shiga gasa. Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 domin mata, ta fito da sunayen da a da ba a san su ba, kuma ko labarinki bai zo na ɗaya ba, in aka zaɓe shi aka karanta a rediyo wannan shaida ce da alƙalai suka bayar, kina iya faɗinta ba tare da sunkuyar da kai ba. In akwai reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, a jiharku, ko wata ƙungiyar marubuta mai zaman karatu, ki riƙa halarta ki karanta aikinki a yi miki gyara. Mutanen da suka ji muryarki suka ga kin karɓi gyara su ne za su ambace ki a inda ba kya nan.

Bikin ƙaddamarwa ban cika ba sabon marubuci shawararsa ba. Ana kama zaure, a gayyato masu kuɗi da 'yan siyasa, a yi alkawuran da sau da yawa ba a cikawa, marubuci ya koma bin ofisoshi yana tuni. Wannan ya fi kusa da roƙon da kike gudu, kuma ba ya haifar da masu karatu.

Kin ce wasu sun fi ki kasuwa don ba sa jin nauyi. Wasunsu ƙwazo ne kawai da naci, ki koya daga gare su. Amma akwai hanyoyin da nake roƙonki ki nisanta ko da suna kawo kuɗi. Akwai masu yanko wurin da ya fi kowane batsa a littafi su sa shi a talla, wasu ma su ƙara abin da labarin bai nema ba domin a saya. Kuɗin zai shigo, amma sunan da aka yi da haka ba ya wankuwa, kuma shi ne ke jawo wa dukan marubuta mata zagi. Akwai masu garkuwa da labari, su ce in ba a yi sharhi da yawa ba ba za su ci gaba ba. Akwai masu buɗe kowane shafi da Allah ya isa ga duk wadda ta karanta ba ta biya ba. Na san zafin a fitar maka da littafin kuɗi a watsa a zaurukan WhatsApp, ko a karanta shi a YouTube ba da izininka ba. Zalunci ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana bayanka. Amma wadda ta biya kuɗinta ta zauna karatu ba ta cancanci ta fara cin karo da tsinuwa a kowane babi ba. Gargaɗi ɗaya cikin ladabi a farkon littafi ya wadatar, ɓarawon kuma a bi shi ta inda za a same shi.

Abin da ya fi duk waɗannan ba ni tsoro shi ne abin da talla ke yi wa rubutun kansa. Marubuciyar da ke sakin shafi kullum a zaure tana karanta sharhi kullum, sannu a hankali sai alƙalamin ya koma hannun masu sharhi. Su ce a kashe kishiya, a kashe ta. Su ce kada jarumar ta koma gidan mijinta, a sauya ƙarshen da aka tsara tun farko. Labarin da ya kamata ya ƙare a shafi ɗari biyu a ja shi zuwa ɗari biyar don kada zaure ya watse. Awannin da ya kamata a yi tunani da karatu da gyara su tafi a amsa saƙonni. Shi ya sa nake ba da shawarar ki gama littafi, ko ki ci ƙarfinsa, kafin ki fara saki. Ki kuma ware wa talla lokacinta, misali kwana biyu a mako da yamma, sauran ranakun na rubutu ne. Ɗora sanarwa ɗaya sau goma a rana gajiyar da mutane yake yi, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Makon da littafi ya fito ki yi sanarwa sosai ba ɓoye-ɓoye, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan nan ki sassauta, ki riƙa tuni jefi-jefi da wani sabon abu a hannu, ko guntun babi, ko bayanin abin da ya sa kika ɗauko jigon.

Saura dangin miji, kuma ban ɗauki wannan da wasa ba. Fitowar mace a matsayin marubuciyar labari a ƙasar Hausa tana da nauyin da namiji bai san shi ba. Mutane sukan ɗauka duk abin da jaruma ta yi marubuciyar ce ta yi, ko sirrin gidanta take tonawa. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a 2008 kuma aka yi ta takaddama tsakanin marubuta da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar kan rajistar marubuta. Irin wannan kallo bai gushe daga zukatan wasu ba. Saboda haka ki fara da maigidanki. Ya san abin da kike rubutawa, ya san kina sayarwa, in zai yiwu ya karanta. In ya tsaya miki, maganar dangi ta yi sauƙi. Ki buɗe layin waya na daban domin harkar littafi, da shafi na daban da sunan alƙalaminki, ki bar layinki na gida domin zumunci. Ba dole ne hotonki ya fito ba, marubuta mata da yawa sun yi suna ba a san fuskarsu ba. In amsa saƙon maza baƙi na damun ki, ki wakilta ƙanwa ko ƙane mai amana ya riƙe ɓangaren karɓar kuɗi da tura littafi, amma lissafin ya zauna a hannunki, kina dubawa duk mako.

Kada kuma ki jingina da dandali ɗaya. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. Zauren WhatsApp na iya watsewa, shafi na iya rufuwa dare ɗaya. Ki ajiye cikakken kwafin kowane littafi a wuri fiye da ɗaya, ki kuma rubuta sunaye da lambobin waɗanda suka taɓa saya a wurinki, da izininsu. Ranar da na huɗu ya fito, su za ki fara aika wa saƙo kai tsaye, gajere, da sallama da godiya a kan na baya, da sunan sabon da kuɗinsa.